Gwangwani Huɗu Zuwa Maroko

Tun da na dawo ba a bar ni na yi aiki ba. Duk wanda ya kawo radiyeta sai ya ja benci ya zauna, ya ce, Ummaru, ya Maroko? In ce lafiya lau. Ya ce a'a, ba da labari. Na gaji. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba. Shi ya sa na zaunar da 'yata Saudatu, na faɗa sau ɗaya, ta rubuta. Ta mayar da shi Hausar littafi, ban hana ba. Abin da na hana shi ne ta cire wurin da na ji kunya. Wanda ya sake tambayata, takardar nan zan miƙa masa.

Liƙi nake yi a Ƙofar Atiku, nan Sakkwato. Radiyeta, tankin babur, gwangwani, duk abin da ke yoyo. Kafin nan tsohon batir nake fasawa, in narka dalmar ciki a tsakar gida. Ba wanda ya ce mana guba ce. Ɗana na fari a wurin ya yi rarrafe. Ya fara jijjiga, ya rasu bai cika shekara uku ba. Sai daga baya likita ya faɗa mana dalili. Ni ma na kwanta wata huɗu, cikina kamar ana murɗa waya, hannun dama ya saki. Na tashi. Har yau hannun yana rawa da safe. Na bar batir, amma ban bar dalmar liƙi ba, don da ita nake ciyar da gida.

Saudatu bayan wannan aka haife ta. Ta yi karatu har ta wuce inda nake ganewa. Ta yi aure, tana da 'ya'ya biyu. Ba ta taɓa kawo su shagona ba. In na je gidanta sai na yi wanka na canja riga kafin in ɗauki jika.

Aikinta a jami'a shi ne wani baƙin shafe da ake yi wa gilashi, ya sha rana ya ba da wuta kamar farantin sola. Sunansa na Turanci ferobiskait. Ni baƙin shafe nake ce masa. Ta ce masu kyan duk da dalma ake haɗa su. Ita tana so ta haɗa da kuza, ba dalma ko ƙwaya. Matsalar kuza ɗaya ce: ba ya son iska. Da iska ta taɓa shafen, ya fara mutuwa. Ni na ƙera mata akwatin gilashi mai safar roba biyu, muna cika shi da iskar agon ta tukunyar walda, a ciki take aikinta. Shekara biyu tana yi kafin ta samu wanda ya yi baƙi ya zauna.

Saura awo. Sai an auna yadda wuta ke tafiya a cikin shafen, na'urar kuwa babu ita a nan. Wani ɗakin bincike a Rabat ya ba ta kwana uku. In ta rasa su, sai wata shekara, lokacin karatunta kuma ya ƙare. Mijinta malamin makaranta ne, bai samu hutu ba. Ya zo ya durƙusa ya ce in raka ta.

Gilasan ƙanana ne, kamar farcen babban yatsa. Muka raba su gwangwani huɗu, shida-shida, duk iri ɗaya, cikin auduga. Agon ya fi iska nauyi, yana zama cikin gwangwani kamar ruwa. In ka zura ashana ta mutu, ya cika. Sai a liƙe murfi a bar ɗan rami, a ƙara hurawa, a ɗiga a toshe. Ta kawo mini sandunan kuza zalla.

“Baba, ban da dalma. Ko ɗigo.”

“Kuza ba shi gudu. Ke za ki koya mani liƙi?”

“Ba ni koya maka. Roƙo nika yi.”

Na liƙe uku da kuza. Bai gudu ba. Yana son wuta mai yawa, yana daskarewa kafin ka ja ƙarfe, ya fito dishi-dishi kamar bakin tsohon kwano. Dalma kuwa tana bin ƙarfe kamar mai, ta kwanta tana sheƙi. Na dubi ukun nan, zuciyata ba ta kwanta ba. Da Saudatu ta tafi sallar la'asar, na huɗun na liƙe shi da dalma. Na goge shi da toka har ya dushe kamar sauran. Na buga masa ɗigo da ƙusa a gindi. Na ce a raina, ko duk sun yi yoyo, wannan zai kai.

Ta Yamai muka bi, don jirgin can kai tsaye yake zuwa. Muka tashi a mota bayan asuba. Jakar gwangwanaye a cinyata, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul saboda zafi. Wata mata a gefena ta ce, Baba, jariri ne? Na ce kusan haka.

A Illela ba a tsayar da mu ba. Da muka ƙetara wajen Ƙonni, wani jami'in iyaka, dogo, mai furfura a gemu, ya jera gwangwanayen a kan tebur. Ya girgiza ɗaya a kunne. Saudatu ta miƙa takardar jami'a. Ya juya ta, ya mayar mata.

“Wagga ta Ingilishi ta, ɗiyata. Ni Faransanci nika karantawa.” Ya dube ni. “Tsoho, mi ke ciki?”

“Gilashi.”

“Gwangwani huɗu, ba suna, ba baki, an liƙe su ruf. In kai na ni, kana bari su wuce?”

“Ba ni bari.”

Ya yi dariya har ya riƙe tebur. Saudatu ta harare ni. Ta yi masa bayani a hankali, ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yarda da ita amma aikinsa bai yarda ba. Ɗaya za a buɗe. Mu zaɓa. Na shafa gindinsu da yatsa, na ba shi wanda ba ɗigo. Ya sa wuƙa. Da ya ɗaga gilashi ɗaya daga ciki, baƙi ne wul, yana ɗaukar ido kamar bayan ƙwaro.

“Wanga na za ya ba mu wuta?”

“In Allah ya so,” in ji ta.

“To ki yi sauri. Garinmu ya gaji da duhu.”

Ta riƙe gilashin a tafin hannunta a mota. Kafin Dogon Dutsi baƙin ya fara ja. A Doso ya zama ruwan shayi. Na saya mata burodin can, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi. Ba ta ci ba. Ni dai ban taɓa ganin iska tana cin abu ido na kallo ba. Ƙarfe sai ya yi damina kafin ya nuna tsatsa. Wannan tsakanin hantsi da la'asar.

A Yamai muka sauka gidan wani mai goro ɗan Ƙofar Taramniya, ya shekara talatin a can. Matarsa Bazabarma ce. Ta ba mu dambu da zogale da ƙuli, mai daɗi, sai dai yajinsu kamar ana tsoronsa. Da safe na fito daga wanka na tarar jakar a buɗe, gwangwani biyu. Na ukun babu. Na shafa: mai ɗigon ne ya tafi. Na ruga madafa ba takalmi, zani a ƙugu. Matar tana zaune, gwangwani tsakanin gwiwoyi, wuƙa a kai. Ta ɗauka man shanu ne muka kawo tsaraba. Na fizge. Ta saki salati da Zabarmanci. Mijin ya yi dariya har hawaye, ya ce tun da yake bai taɓa ganin Basakkwace ya bi tsarabarsa da gudu ba. Saudatu ta ce, “Baba, ashe kana gudu.” Na ce wani lokaci.

A filin jirgi na'urar haska kaya ta tsaya a kanmu. Wata jami'a ta kira babbanta, babban ya kira nasa. Aka karanta takarda, aka buga waya. Ƙarshe dai magana ɗaya: a buɗe guda. Saudatu ta roƙa, ba a saurare ta ba. Na sake shafawa, na sake ba da na kuza. Saura biyu: na kuza ɗaya, da nawa.

Ban taɓa shiga jirgi ba. Da ya tashi na riƙe kujera na yi shahada. Can sama kunnuwana suka toshe, na ji jakar tana motsi a cinyata. Na leƙa. Murafan sun kumbura kamar kuncin mai busa. Saudatu ta ce iskar sama ba ta da nauyi, ta cikin ce ke turawa. Da muka fara sauka, mai dalmar ya koma lumui. Na kuzan ya yi ƙwas, ya lotsa dab da liƙin. Na ce a raina, shi ke nan, ya tsage. Na ƙara rungume nawa.

Kasablanka sanyi. Daga filin jirgi jirgin ƙasa muka shiga, mai tsabta, ba mai talla, ba akuya. Ta taga na ga teku. Na ɗauka sama ce ta sauko. Na tambayi Saudatu ina ƙarshensa, ta ce wata ƙasa, kwanaki a jirgin ruwa. Mu da muke kiran gulbin Rima babba.

Masaukinmu tsohon gida ne cikin lungu, lungunan sun fi na Hubbare ƙunci, jaki biyu ba sa wucewa. Daga waje bango ne kawai. Ka shiga, sai tsakar gida da tangaran mai zane har rabin bango, da bishiyar lemu. Mai gidan tsohuwa ce, Hajji take ce mini. Na sa Saudatu ta faɗa mata ban je ba tukuna. Ta ce furfurar ta je. Kyanwoyi ko'ina, har ƙofar masallaci, masu ƙiba, ba mai korarsu. Abinci komai da burodi, da shi suke ɗiba, ba cokali. Ranar farko aka kawo nama cikin kasko mai hula, an dafa shi da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi. Nama da zaƙi. Na fito da ƙullin yajina na barbaɗa. Tsohuwar ta ɗanɗana, ta yi tari, ta sha ruwa kofi biyu, sannan ta ce in bar mata saura in za mu tafi. Shayinsu na'ana'a ne da sukari, daga sama suke tsiyayo shi, ba ɗigo a ƙasa. Kuskus ɗinsu burabusko ne da ya samu gata.

Abin da ya kama ni shi ne magariba. Bayan sallama ba su watse ba. Suka yi da'ira, tsofaffi da matasa, suka ɗauki karatu baki ɗaya, murya ɗaya, da irin ƙira'ar da aka biya mana a allo. Da yawansu hannu sake suke salla kamar tsofaffinmu. Ba na jin Larabcin kasuwarsu ko kalma, amma a nan na bi su aya uku. Na yi tafiyar sama da ƙasa na tarar da zauren malaminmu.

Washegari ɗakin bincike. Na tsaya a ƙofa zan cire takalmi, aka ce a'a, leda za a sa masa. Aka sa mini farar riga da hular leda a kan hulata. Shugabar wurin Dakta Samira, gajeriya, mai saurin tafiya. Mai kula da na'urori Idris, ƙato, mai gashin baki. Ya kama kafaɗuna ya sumbace ni kunci biyu. Na sandare. Saudatu ta ce gaisuwa ce. Na ce a gaya masa hannu ya isa.

Sai na ga akwatunansu. Irin wanda na ƙera mata ne, amma kowane ya kai tsawon motar haya, ƙarfe mai sheƙi, safofin roba baƙaƙe sun miƙo waje su kaɗai kamar hannuwan masu gaisuwa. A jikinsu akwai lamba da ke faɗin ko ƙwayar iska nawa ta shiga. Na duba waldar kusurwa. Ban ga inda aka fara ba, ban ga inda aka ƙare ba. Na shafa da yatsa sau uku. Akwatunan biyu ne. Ɗaya na masu aiki da dalma. Ɗayan kuwa, dalma ba ta taɓa shiga cikinsa ba, kuma duk abin da zai shiga sai Idris ya haska shi da wata na'ura mai kama da bindiga, wadda ke faɗin irin ƙarfen da ke jikin abu.

Ya ɗora ta a kan lotsattsen. Shiru. Ya ɗaga babban yatsa. Ya ɗora a kan nawa. Ta yi ƙara.

Ya sake. Ta sake. Ya juya fuskar na'urar ga Saudatu. Ta karanta. Ta ɗauki gwangwanin, ta juya gindinsa, ta ga ɗigon.

“Baba.”

“Na'am.”

“Wa ya yi wanga?”

“Ni.”

“Don mi?”

“Ban yarda da kuza ba.”

“A Ƙonni kai ka zaɓa. A Yamai kai ka zaɓa. Shi kaka ɓoyo.”

“Shi.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Dalma ta ɗauke yayana ban gan shi ba. Shekara biyu ina korar ta. Kai kuma ka ba ta aikina ta riƙe mani.”

An zage ni a duniya, an mare ni, na kwanta ana jiran mutuwata. Ban taɓa jin abu kamar wannan ba.

Dakta Samira ta yi bayani, Saudatu ta fassara ba ta kalle ni ba. In an yanka shi a akwati mai tsabta, garin dalma zai ɓata musu akwati. In an yanka a na dalma, duk kyan da awo ya nuna za a ce dalma ce ta shiga. In an yanka a fili, iska ta cinye. Saura ɗaya ke nan. Lotsattsen. Wanda na yi wa jana'iza tun a sama.

Idris ya ga fuskata, ya so ya yi wasa, ya nuna bindigar ya nuna aljihuna, ko akwai saura. Na ce a tambaye shi ko tana haska mutum. Ya ce haramun ne a wurinsu, tana da lahani. Na ce ba sai an haska ba, na san abin da za ta ce.

Aka sa lotsattsen gwangwanin ta wata ƙaramar ƙofa, aka yi ta wanke shi da iskarsu a hankali, sannan ya shiga ciki. Idris ya sa almakashi, ya zame. Ya sake, ya zame. Liƙin ya yi tauri. Dakta ta ce wanda ya rufe ya buɗe. Na zura hannuwana cikin safofin har kafaɗa. Na daman yana rawa. Na danne shi da na hagu, na nemi wurin ramin da na toshe, na huda, na bi gefe. Na ɗaga murfi. Na cire auduga.

Baƙi wul. Duk shidan.

Saudatu ta zauna a ƙasa, cikin farar rigarta, ta rufe fuska. Idris ya ce Allahu akbar, wannan na ji ba fassara. Ni na tsaya hannuwana cikin akwati ina kallon liƙin. Ya lotsa, ya lanƙwashe, bai tsage ba. Shekara arba'in ina cewa kuza ba ya riƙo. Ban taɓa gwadawa ba.

Awon kansa kwana uku aka yi. Zan faɗi yadda na gane.

Da farko suka sa wa kowane gilashi ɗigon zinariya huɗu, a kusurwa huɗu. Zinariya ta gaske. A cikin wata tukunyar gilashi suka narka ta har ta zama hayaƙi, ta sauka inda ake so kawai. Na ga zinariya ta tashi ba a ga tashinta ba. Sannan aka rufe gilashin cikin ɗan gida da iska ba ta shiga, allura huɗu suka taɓa ɗigon huɗu, aka kai shi tsakanin wasu maganaɗisu biyu, kowane kamar dutsen niƙa. Aka ce in cire agogo, in ajiye makullai.

Saudatu ta fara yi mini magana a nan, don aiki ya fi fushi ƙarfi. Ta ce in ɗauka radiyeta ce. Rana in ta bugi shafen, tana tayar da wasu 'yan ƙananan abubuwa masu ɗauke da wuta, su ne ruwan. Tambaya uku ce: su nawa ne, da wane sauri suke tafiya, kuma suna daɗewa kafin su ɓace ko kuwa. In hanya a toshe take, ko su mutu kafin su kai waya, farantin banza ne. Ana tura wuta ta allura biyu. Maganaɗisu yana ture masu tafiyar gefe guda, kamar yadda iska ke karkatar da hayaƙi. Sauran allura biyun su ji yawan turewar. Daga nan a san yawansu da saurinsu.

Na ce, “Kin taɓa ganinsu?”

“Ba mai ganinsu, Baba.”

“Amma kina ƙirga su.”

“Awo.”

Ni radiyeta sai na tsoma ta a ruwa na ga kumfa nake sanin inda take yoyo. Waɗannan suna zaune a kujera, suna ƙirga abin da ido bai taɓa gani ba, cikin shafen da bai kai kaurin gashi ba. Layi ya fara hawa a allon na'ura, ɗigo bayan ɗigo. Aka juya maganaɗisu, layin ya juya. Aka sake, ya sake. Abin yana amsawa.

Rana ta biyu aka kai mu wani ɗaki mai baƙin labule, aka ba mu tabarau. Wani koren haske, siriri kamar zare, yana bugun gilashin, gilashin yana mayar da nasa hasken da ido ba ya kamawa. Na'ura tana auna tsawon lokacin. Na tambayi tsawonsa. Saudatu ta ce in raba ƙiftawar ido gida dubu, in ɗauki ɗaya in raba dubu, in sake rabawa. A cikin wannan ake tayar da su, su yi tafiya, su mutu. Na ce Subhanallah. Ashe akwai lokaci a ƙarƙashin lokaci, da masu rai da ajali a ciki, muna ta harkarmu a Ƙofar Atiku ba mu sani ba.

Dakta ta ce a auna na Ƙonni ma, wanda iska ta ci, don Saudatu ba ta yar ba. Shi kuma ya nuna cunkoso, masu ɗaukar wuta sun yi yawa har sun ɓata hanya, kamar bakin kasuwa ranar jajibiri. Da aka jera shi da na lotsattsen gwangwani, ko ni na ga bambanci.

Rana ta uku Dakta ta tara mu. Ta ce masu ɗaukar wuta na shafen Saudatu suna gudu sosai, hanya a buɗe take. Ba su kai na dalma daɗewa ba tukuna, kada a yi ƙarya, da sauran aiki. Amma awo ne mai tsabta, ba wanda zai ce komai, ya isa ta kammala, ya isa a ci gaba. Lambobin ba zan iya faɗa muku ba, ku tambayi mai su. Sannan ta ce awon ya nuna iska ba ta taɓa gilasan ba tun daga Sakkwato. Ta tambaya da wace na'ura aka rufe gwangwanin. Na ce ƙarfe da gawayi. Ta sa aka sake fassara mata. Ta roƙi gwangwanin da aka yanka, ta ɗora shi a kan teburinta. Idris ya sake kamo kafaɗuna. Wannan karon na bar shi.

Ranar tafiya ina haɗa kaya, Saudatu ta shigo ta ajiye mai ɗigon a kan rigunana.

“Kayanka.”

“Ki yahe mani.”

“Na yahe tun a ƙasan can da niz zauna. Amma kai za ka ɗauke shi.”

Ni na ɗauke shi. A Ƙonni muka tarar da dogon jami'in nan. Ya gane mu.

“Tsoho! Ya wutarmu?”

“Tana gudu.”

“Wanga fa? Ya dawo?”

“Nawa na. Buɗe in kana so.”

Ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, “Wuce.”

Da na iso na kwashe sandunan dalma daga shago. Na haƙe ƙasar wurin har gwiwa, na sa aka zuba siminti. Yanzu da kuza nake liƙi. Yana cin gawayi, yana cin lokaci. Direbobi suna cewa liƙina ya daina sheƙi. Ina cewa in ta yi yoyo ku dawo. Gwangwanin mai ɗigo yana saman kantar shago, inda hannu ba ya kaiwa, ban buɗe ba. Ana tambayata ko gilashin ciki yana nan baƙi. Wataƙila. Ban taɓa cewa dalma ba ta iya aiki ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina tsaka da aiki na ji sallama. Saudatu ce a bakin shago, da ƙaramarta a goye. Ta dubi simintin, ta dubi teburin, ta dubi hannuwana. Na tashi zan je famfo in canja riga. Ta ce, “Wanke hannu kawai, Baba.” Na wanke. Ta kwance goyon, ta miƙo mini ita, nan cikin shago.